Ƙaramar Goɗiyar da Aka Yi wa Tiyatar Haihuwa: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Saya

Mai sha'awar doki a Minna galibi ingarma yake nema, na hawan Sallah ko na kilisar yamma. Goɗiya ba kowa ke ajiye ta a cikin gari ba, shi ya sa sanin cikinta da haihuwarta bai yaɗu a tsakaninmu kamar sanin haihuwar saniya ko akuya ba. To amma ga shi an turo maka hoton wata 'yar ƙaramar goɗiya a WhatsApp, tsayinta bai wuce ƙugun babban mutum ba, yara sun gani sun ruɗe, farashin kuma ya yi sauƙi. Da ka matsa da tambaya sai dillali ya ce, "Ai an taɓa yi mata aiki wajen haihuwa, amma ta warke sarai." Kai kuma niyyarka ka kawo ta gidanka a Tudun Fulani ta riƙa haifa maka 'ya'ya.

Amsar a taƙaice ita ce: goɗiyar da aka yi wa tiyata tana iya sake ɗaukar ciki, tana kuma iya haihuwa da kanta. Sai dai ba kowace ba. Abin da ke raba mai iyawa da marar iyawa shi ne dalilin da ya sa aka yi mata tiyatar tun farko, kuma wannan dalilin ba a ganinsa a hoto.

Wane irin doki ne wannan?

Doki ne cikakke da aka daɗe ana zaɓen ƙanana ana haɗa su har girmansa ya tsaya a ƙasa. Ƙungiyar masu kiwonsa ta Amurka, wadda aka kafa a 1978, ba ta yi wa doki rajista idan ya wuce inci 34, wato kusan santimita 86, a ma'aunin da ake ɗauka daga ƙasa zuwa inda geza ta ƙare a kafaɗa. Wata ƙungiyar kuma tana karɓar har inci 38. Daga cikin irin da suka yi suna akwai Falabella na ƙasar Ajantina. Nauyin babba yakan faɗa tsakanin kilo 70 zuwa 150.

Kada ka haɗa shi da kuru irin namu. Ƙasar nan tana da ƙananan dawakinta tun kaka da kakanni, musamman a tsaunukan Filato, kuma sun saba da rana da ƙuda da kaska na ƙasarmu. Wanda aka shigo da shi daga waje, ko aka haifa daga waɗanda aka shigo da su, bai da wannan juriyar. Duk abin da za ka karanta a nan game da tiyata ya shafi kuru da babbar goɗiya ma, sai dai a jikin ƙaramar komai ya fi tsanani: mashigar haihuwa ƙarama ce, kan ɗan yakan yi girma idan aka gwada da jikin uwar, hannun likita kuma ba ya samun wurin juyawa a ciki. Saboda haka wahalar naƙuda ta fi yawa a wannan iri fiye da manyan dawaki.

Mece ce tiyatar, kuma me ya sa ake yin ta?

Tiyatar haihuwa ita ce a yanka ciki a buɗe mahaifa a ciro ɗan, idan ya kasa fitowa ta hanyarsa. A wajen saniya, likita yakan yi wannan aikin tana tsaye, ya kashe zafin wurin da allura ya yanka ta gefen hagu, har a ruga. Doki ba haka ba ne. Ita goɗiya sai an sa ta barci gaba ɗaya, a kwantar da ita rigingine, a yanka ta tsakiyar ciki daga wajen hantsa zuwa gaba. Aikin yana buƙatar ɗaki mai tsabta, da kayan sa barci, da mutane da yawa da suka san aikin, domin cikin doki ba ya jure ƙazanta kamar na saniya.

Wani bambancin kuma shi ne lokaci. Saniya tana iya yin awanni tana naƙuda a ciro maraƙi da rai. Goɗiya kuwa, daga fashewar faya zuwa fitowar ɗa minti 20 ne zuwa 30. Mabiyiya, wato jakar da ke ciyar da ɗan a ciki, tana saurin rabuwa da mahaifa, kuma da zarar ta rabu ɗan ya rasa iska. Bayan rabin awa, kowane minti yana rage masa damar rayuwa. Shi ya sa a tiyatar gaggawa sau da yawa uwar ake ceta, ɗan ya riga ya mutu.

To, za ta sake haihuwa?

Nan ne ya kamata ka tsaya ka natsu, domin a nan kuɗinka zai tsira ko ya salwanta.

Dalilan tiyata sun kasu biyu. Akwai waɗanda suka fito daga ɗan, akwai waɗanda suka fito daga uwar.

Mafi yawan wahalar naƙuda a wajen doki daga kwanciyar ɗan take. Ƙafafunsa da wuyansa dogaye ne, kuma dole ne ya miƙe ƙafafun gaba biyu ya ɗora kansa a kansu kafin ya shiga mashiga. Idan kai ya lanƙwashe baya, ko ƙafa ɗaya ta naɗe, ko ya zo a gicciye, sai ya maƙale. Wannan tsautsayi ne na ciki ɗaya. Goɗiyar ba ta da laifi, kuma babu dalilin da zai sa a ce ciki na gaba ma haka zai zo. Idan mahaifa ta warke da kyau, irin wannan goɗiya tana iya haifar 'ya'ya da yawa da kanta bayan tiyatar.

Idan kuwa matsalar daga jikinta ne, magana ta canja. Goɗiyar da ƙashin ƙugunta ya taɓa karyewa ya haɗe a karkace, ko wadda aka halicce ta da matsattsen ƙugu, za ta sake maƙale ɗa a kowane ciki, domin ƙashi ba ya buɗewa don an jira shekara. A Turai da Amurka akwai masu irin wannan goɗiya da ke tsara ranar tiyata tun kafin naƙuda ta fara, a asibitin da ke kusa da su. Ka tambayi kanka ko kana da wannan halin. Asibitocin koyarwa na likitan dabbobi da aka sani, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Abuja a yankin Gwagwalada, duk tafiyar awanni ce daga Tudun Fulani. Ɗan da ke da rabin awa ba zai jira a nemo mota a bi hanyar Suleja ba. A ganina, goɗiya mai matsattsen ƙugu ba ta kiwo ba ce a Minna, komai arharta.

Akwai kuma lahani na uku, wanda ba tiyatar ce ta jawo shi ba, jinkirin da aka yi kafin tiyatar ne. Idan aka shafe awanni ana ja, ana cusa hannu, ana ɗaura igiya, bakin mahaifa yakan yage. Bakin mahaifa shi ne ƙofar da ke rufe ciki har ya kai wata goma sha ɗaya. Idan ya yage bai haɗe daidai ba, ba ya rufewa sosai, ƙazanta tana shiga, sai goɗiya ta ƙi ɗaukar ciki ko ta riƙa ɓari. Wani lokaci kuma tabo ne ke manne shi ya ƙi buɗewa. Likitocin dawaki sun daɗe da lura cewa tsawon wahalar naƙudar yana cutar da haihuwar gaba fiye da wuƙar likita. Goɗiyar da aka yi wa aiki da wuri ta fi wadda aka sha fama da ita dare guda damar sake haihuwa.

Me za ka tambayi mai sayarwa?

Ka nemi magana da mai ita, ba dillali kaɗai ba. Dillali la'adarsa yake nema, kuma ko da mai gaskiya ne, sau da yawa bai san tarihin ba. Dabbar da ta bi hannu uku ko huɗu daga kasuwannin kan iyaka irin Maigatari ko Mai'adua tarihinta yakan ɓace a hanya.

Ka tambaya: yaushe aka yi aikin, a wane asibiti, wane likita? Me likitan ya ce ya jawo? Awa nawa ta yi tana naƙuda kafin a kai ta? Ɗan ya rayu? Idan ya mutu, yaya siffarsa, kansa ya yi girma fiye da kima ko ƙafafunsa sun karkace? Mabiyiya ta fita a kan lokaci ko ta tsaya? Ta yi zazzaɓi ko ɗingishi bayan aikin? Ta taɓa haihuwa da kanta kafin wannan? Kuma tun bayan aikin, an kai ta wajen ingarma? Sau nawa?

Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi. Idan shekara biyu ko uku ke nan ana yi mata barbara ba ta ɗauka ba, wataƙila dalilin sayarwar ke nan.

Tiyatar doki ba aikin da ake yi a ɓoye ba ne. Duk inda aka yi ta akwai kati ko takarda, ko aƙalla lambar wayar likita. Ka kira shi. Wanda ya ce an yi aiki amma bai iya faɗin inda aka yi ba, to ko dai bai sani ba ko ba ya so ka sani, kuma duka biyun ba su amfane ka ba. Ka tuna kuma a shari'ar Musulunci wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, mai saye kuma yana da damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Amma shari'a bayan ciniki wahala ce. Ya fi sauƙi ku yi sharaɗi a gaban shaidu, a rubuce, cewa ciniki bai faɗa ba sai likitan da kai ka kawo ya duba ta.

Me za ka iya gani da idonka?

Ka durƙusa a gefenta, wani ya riƙe kanta, ka shafa ƙasan cikinta daga cibiya zuwa hantsa. Ɗinkin da ya warke da kyau za ka ji shi kamar siririyar igiya a ƙarƙashin fata, busasshe, ba zafi. Idan ka ji wani ƙullutu mai laushi da ke komawa ciki idan ka danna, ya sake fitowa idan ka saki, to naman ciki bai haɗe ba, hanji ne ke leƙowa ƙarƙashin fata. Irin wannan ciki ba zai ɗauki nauyin ɗa na wata goma sha ɗaya lafiya ba. Wuri mai tsatsar ruwa ko mugunya kuma alama ce ta ciwon da bai mutu ba.

Ka tsaya a bayanta, nesa kaɗan da harbi, ka dubi ƙugunta. Ƙasusuwan biyu su zama daidai. Idan ɗaya ya sauka ƙasa da ɗaya, ko cinya ɗaya ta fi ɗaya ramewa, ka yi zargin tsohuwar karaya. Ka ɗaga wutsiya ka duba ko akwai ruwa mai wari ko busasshen datti a cinyoyi. Ka sa a ja ta ta yi tafiya a kan tauri, ka dubi kofato: zobba-zobba masu faɗi a jikin kofato da tafiyar ɗari-ɗari suna nuna ta taɓa yin kumburin cikin kofato, ciwon da yakan biyo bayan tsayawar mabiyiya kuma yakan dawo.

Sannan ka buɗe bakinta. Haƙoran gaba na dindindin sukan cika a shekara biyar, daga nan mai ido yana iya kimanta shekaru. Goɗiyar da ta haura 15 haihuwarta ta fara ja baya ko da ba a taɓa yanka ta ba.

Me likita zai ƙara a kan wannan?

Abin da ke ciki. Ka nemi likitan dabbobi mai rajista da Hukumar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, kuma wanda ya saba da doki, domin da yawa aikinsu a kan shanu da kaji ne. Masu dawakin fada da 'yan folo na Minna sun san waɗanda suke kira, ka tambaye su.

Zai yi mata hoton ciki da na'urar sikanin, irin wadda ake yi wa mata masu juna biyu, ya ga ko ruwa ya taru a mahaifa, ko mahaifar ta manne da hanji ko bangon ciki a wurin ɗinki. Zai duba bakin mahaifa da hannu da kuma madubin leƙawa, kuma an fi gane ko yana rufewa daidai a lokacin da ba ta neman namiji. Zai auna faɗin ƙugu gwargwadon yadda jikinta ya bari. Yana iya ɗaukar ɗan ruwa daga mahaifa a kai ɗakin gwaji a ga ko akwai ƙwayoyin cuta, ko ya tsinko ɗan ƙaramin nama daga bangonta a duba lafiyarsa a madubin likita.

Wani abu da ya kamata ka sani: duba ta dubura, wanda ake yi wa manyan dawaki da shanu, yana da haɗari a jikin ƙaramar goɗiya, domin hannun babban mutum yana iya yaga hanjinta, yagewar kuwa tana kisa. Likitan da ya san aikinsa zai yi amfani da sandar na'ura ko ya duba ta saman ciki. Kada ka bar wanda ya saba da shanu kawai ya gwada.

Yaushe za a kai ta wajen ingarma?

Goɗiya takan fara neman namiji kwana 7 zuwa 10 bayan haihuwa, daga nan kuma kusan kowane kwana 21. Neman namiji ba ya nufin ta shirya. Bangon ciki yana buƙatar wata biyu zuwa uku kafin ɗinkin ya yi ƙarfi, mahaifa kuma tana buƙatar lokacinta. Abin da likitoci suka gani shi ne, waɗanda aka yi wa barbara a shekarar da aka yi musu tiyata ba su cika kai ciki ƙarshe ba kamar waɗanda aka bari sai shekara mai zuwa. Ka ba ta shekara. Idan shekarunta ba su kai uku ba ma, ka jira ko da ba maganar tiyata.

Cikin doki kusan kwana 340 ne, yana iya gaza haka ko ya wuce da makonni. Ke nan ɗan zai zo kusan wata ɗaya kafin watan da aka yi barbara ya zagayo. Wannan lissafin yana ba ka dama ka zaɓi lokaci. Barbarar Disamba ko Janairu tana kawo haihuwa a Nuwamba ko Disamba, lokacin da ruwa ya ɗauke a Minna, ƙuda da sauro sun ragu, harawa ta shigo kasuwa, hanya kuma ta bushe idan aka buƙaci likita da dare. Haihuwa a tsakiyar Agusta cikin taɓo da ƙwari wahala ce ga uwa da ɗa.

Bayan barbara da kwana 14 zuwa 16 a yi mata hoto. Ba don tabbatar da ciki kaɗai ba, har don a ga ko tagwaye ne. A wajen akuya tagwaye arziki ne, a wajen goɗiya masifa ce: yawanci ɓari suke ƙarewa, ko su zo matattu, ko su maƙale. A wannan matakin likita yana iya cire ɗaya a bar ɗaya.

Wane ingarma?

Wanda bai fi ta girma ba, mai siririn kai, wanda aka ga 'ya'yansa sun fito ba wahala.

Wataƙila wani ya ce maka ai cikin uwa ne ke tsara girman ɗa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A 1938 wasu masana biyu a Ingila, Walton da Hammond, sun haɗa manyan dawakin Shire da ƙananan Shetland, suka ga ɗan da ƙaramar uwa ta haifa ya fito ƙarami ƙwarai idan aka gwada da wanda babbar uwa ta haifa. Amma wannan ba izini ba ne na kai 'yar goɗiyarka wajen ingarman hawan Sallah na maƙwabci. Nauyinsa kaɗai yana iya karya ta ko ya yi mata rauni a ciki, kuma mahaifar da ke da ɗinki ba wurin gwaji ba ce.

Sai maganar wadanci. A cikin wannan iri akwai wata ƙwayar halitta ta gado da ke sa a haifi ɗa wada, mai ƙaton kai, karkatattun ƙafafu da muƙamuƙin da bai haɗu ba. Uwa da uba suna iya ɗauke da ita ba tare da ta nuna a jikinsu ba, sai an haɗa biyun ta fito, kusan ɗa ɗaya cikin huɗu. Irin wannan ɗan yana cikin masu maƙalewa. Idan ɗan da aka ciro mata da tiyata wada ne, to tana ɗauke da ƙwayar, kuma kada a mayar da ita ga uban ɗan ko danginsa. Akwai gwajin da ake yi da gashin wutsiya a ɗakunan gwaji na ƙasashen waje. Inda dawakin irin nan ba su da yawa, sau da yawa 'yan uwan juna ne, don haka ka bincika asalin ingarman sosai.

Yaya za ka riƙe ta har ta haihu?

Kuskuren da aka fi yi da ƙaramin doki shi ne ƙoshi. Doki yana cin busasshen abinci kusan kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a rana. Goɗiya mai kilo 100 ke nan kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishe ta, yawancinsa ciyawa da harawa, a ƙara ɗan dusa ko dawa a watanni uku na ƙarshe da lokacin shayarwa. Idan aka auna mata da kwanon da ake auna wa ingarma, za ta yi kitse, kitse kuwa yana jawo ciwon kofato, yana kuma jawo wata cuta da ta fi kama ƙananan dawaki da jakuna: idan mai ƙiba ta daina cin abinci, musamman tana da tsohon ciki ko tana shayarwa, kitsen jikinta yakan narke ya cika jini ya lalata hanta. Don haka duk ranar da ta ƙi abinci yini guda, ka kira likita a ranar. Kada ka ce bari a ga gobe.

Tunda a yankin Tudun Fulani doki yakan zauna kusa da shanu da kaji, ka kiyaye abubuwa uku. Kada ta ci abincin kaji ko haɗin abincin shanu na kamfani, domin wasu suna da maganin da ake kira monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke kashe doki. Kada a wanke ta da maganin kaska mai amitraz, wanda ake fesa wa shanu, yana tsayar da hanjin doki. Kada kuma a ba ta masara mai fumfuna. Allurar sammore ma ba a yi mata da ma'aunin saniya, nauyinta za a auna tukuna.

Jihar Neja ƙasar sammore ce da kaska, akwai kuma cutar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo daga magariba zuwa asuba ke yaɗawa, kuma ta fi kashe dawakin da aka shigo da su. Ka shigar da ita barga mai raga kafin rana ta faɗi, ka tambayi likita game da rigakafi. Allurar rigakafin tetanus, cutar da ke sandarar da jiki ta kulle muƙamuƙi, a yi mata ita kusan wata ɗaya kafin haihuwa, domin kariyar ta bi dakashi ta isa ga ɗan.

Daren haihuwa

Hantsa takan fara cika makonni kaɗan kafin lokaci. Idan ka ga wani abu kamar kakin zuma ya daskare a kan nonon, to saura kwana ɗaya ko biyu, kodayake wasu ba sa nuna wannan alamar. Yawanci da dare suke haihuwa, don haka daga wata na goma wani ya riƙa kwana kusa da barga, da tocila, da tsabtataccen ruwa, da safar hannu, da almakashi, da aidin na cibiya. Ka sanar da likita tun da wuri, ku yi magana a kan abin da za a yi idan abu ya ɓaci, da motar da za ta ɗauko shi.

Da faya ta fashe, ka duba agogo. Cikin minti goma ya kamata ka ga farar jaka mai sheƙi, a cikinta ƙafafu biyu, tafin kofato yana kallon ƙasa, ɗaya ta ɗan riga ɗaya, hanci kuma a samansu. Idan haka ne, ka bar ta ta yi aikinta. Idan ɗan ya fito jakar ba ta yage daga hancinsa ba, ka yage ta da hannu nan take, ƙananan 'ya'yan nan sukan shaƙe a ciki. Idan kuwa abin da ya fara leƙowa ja ne mai kauri kamar karammiski, mabiyiya ce ta rabu da wuri. Ka yanka ta da almakashi ka taimaka ɗan ya fito, ba a jiran kowa a wannan.

Idan minti goma sha biyar suka wuce tana nishi ba abin da ya fito, ko ka ga ƙafa ɗaya, ko kai ba ƙafa, ka kira likita, ka tashe ta ka riƙa zagayawa da ita a hankali don ta rage yunƙuri. Kada a tara matasa a ɗaura igiya a ja. Kada mai kemis ya yi mata allurar ƙara naƙuda alhali ɗan yana maƙale, mahaifa tana iya fashewa.

Bayan haihuwa ka riƙe lissafi mai sauƙi: ɗan ya miƙe cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin awa biyu, mabiyiya ta faɗi cikin awa uku. Idan ta wuce awa uku, ba a janyo ta. A ƙulle ta kada uwar ta taka, a kira likita, domin guntun da ya saura a cikin goɗiya yana iya kashe ta cikin 'yan kwanaki.

Nawa abin zai ci?

Kuɗin saye shi ne ƙarami a lissafin. Ka haɗa da kuɗin mota mai kyau da za ta kawo ta, da dubawar likita da gwaje-gwaje kafin ciniki, da shekara guda ta ciyarwa tana hutawa, da kuɗin ingarma, da hoton ciki aƙalla sau biyu, da rigakafi da maganin tsutsa, da gyaran kofato duk wata biyu, da ladan mai kula da barga, sannan wata goma sha ɗaya na ciki. Daga ranar saye zuwa ranar da za ka yaye duƙushi, idan komai ya tafi daidai, ka ƙaddara shekara biyu zuwa biyu da rabi kana kashewa ba ka karɓi ko kwabo ba. Farashin magani da harawa kuma yana tafiya da darajar naira da lokacin shekara, don haka ka tambayi farashin yau a bakin likita da masu sayar da abinci kafin ka yanke shawara. Ka ware wani abu na gaggawa a gefe, domin tiyata ta biyu tana iya fin kuɗin goɗiyar kanta.

Wa ya kamata ya saya?

Idan don yara su yi wasa da ita ne, su goge ta su ja ta a tsakar gida, tsohon ɗinkin da ya warke ba aibi ba ne ko kaɗan, kuma ba sai ta sake haihuwa ba. Sai dai ka sani ba ta ɗaukar babban mutum, ƙaramin yaro kaɗai.

Idan don kiwo ne, ka saya in abu uku sun cika: ka ji daga bakin likitan da ya yi aikin cewa kwanciyar ɗan ce ta jawo, likitanka ya tabbatar ƙugu da bakin mahaifa da ɗinkin ciki lafiya suke, kuma kana da likitan da zai iya isowa Tudun Fulani da tsakar dare. Idan ɗaya ya rasa, ka biya kuɗin goɗiyar wasan yara kawai, ko ka bar ta ka nemi wadda ta haihu da kanta sau biyu ko uku.